Matatar Ruwan Baba

Daren Talata ta yi shiru.
Shirun ne ya tashe ni.
Shekara goma sha tara tana gunaguni ƙasa-ƙasa
a kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin kifin Baba,
baƙar tukunya mai tiyo biyu,
wannan na zuƙa, wancan na furzarwa,
har kunnena ya daina lissafa ta cikin sautuka.

Na sauko daga ni sai safa.
Ruwa tsaye cak.
Dogayen ganyaye sun bar rausaya,
ƙananan kifaye masu jan ciki
sun taru a sama suna cizon iska.

Gari na wayewa na ɗaure ta a bayan keke,
na bi gefen mashigin ruwan Groningen,
yayyafi na tsinkar fuskata,
har shagon Wiebe Tolsma,
mutumin da ya sayar wa Baba ita
tun ina zuwa makaranta da igiyar takalmi a kwance.

Ya buɗe, ya shinshina, ya juya farfela da ɗan yatsa.
"Fenna, injin ya ƙone.
Kuma an daina ƙera irinta."
Haka likita ya yi magana a bara,
da wannan muryar, idonsa a kan takarda.

Kwali uku ya jera a kanta.
Ta farko ƙatuwa, lita dubu da ɗari biyar a awa,
ta biyu da abin ɗumama ruwa a cikinta,
ta uku mai araha, zoben robarta siriri kamar alkawarin mashayi.
Na miƙa hannu ga ƙatuwar.
Wanda ya yi rashi
babba yake nema ya toshe gurbi.

Bai tambayi nawa ke aljihuna ba.
Ya ce, "Su wa ke ciki?"
Na lissafa: kifi ashirin da ɗaya,
jatan lande da ba sa ƙirguwa,
gansakuka a kan itace,
da jar ciyawar da Baba ke yi wa aski duk Lahadi
da almakashi mai lanƙwasa.
Lita ɗari da tamanin.
Ya ture ƙatuwar gefe.
"Wannan tuge su za ta yi.
Tsiro ba ya son guguwa, shafa yake so.
Tsawon kabad fa?"

Ban auna ba. Amma na sani:
daga gwiwar hannuna zuwa yatsa, da ɗan ɗori.
Baba ne ya haɗa shi da kansa,
ƙofar hagu har yau sai an ɗaga take rufuwa.
Wiebe ya gwada damtsena a jikin kwali na biyu,
ya yi dariya. Ta shiga.

Na ciro tsohon soson, baƙi ƙirin, yana ɗiga,
zan jefa a kwandon shara,
sai ya cafe wuyan hannuna.
"Kul! Ko ruwan famfo kada ya taɓa shi.
Abin da kike kira dauɗa, rai ne,
halittun da ido ba ya gani,
su ke cinye dafin da kifi ke fitarwa.
Injin turawa kawai yake yi."
Ya ƙulla shi a leda da sauran ruwansa,
ya ce in yi sauri, su ma numfashi suke.

Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Na durƙusa a gaban kabad,
na sa tsohon soso a sabuwar tukunya,
ruwa ya jiƙa mini hannun riga.
Ta yi tari, ta yi gyatsa, ta kama.
Jar ciyawa ta sunkuya, ta miƙe, ta sake sunkuyawa.

Muryarta ba irin waccan ba ce,
ta ɗan fi siranta.
Kwana biyu ina jin ta har cikin barci.
Yau da safe, ina tsaka da shafa wa burodi man shanu,
na lura ban ji ta ba,
na ruga a tsorace.

Tana aiki.