Fanka a Maƙogwaron Inji

A Ladipo na gan ta, ran Talata, ruwa ya ɗauke ke nan,
cikin kwali mai hoton damisa a tsakiyar tsalle.
Okwudili ya goge ta da gefen riga,
ya ce, "Alhaji,"
ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa leƙawa ba,
"supacaja ce ta lantarki.
Waya biyu, ja da baƙa, ka ɗaura wa batir,
ƙarfin doki hamsin zai shiga injinka ba sallama."

Dubu arba'in da biyar na ƙirga masa,
gumin jigilar albasa daga Mil Sha Biyu,
har yanzu kuɗin na warin buhu.

Rasaki, bakanikena na Agege,
wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida,
ya juya ta a tafi kamar mai duba ƙwai.
Ya hura mata baki, fukafukan roba suka zagaya.
Ya ce, "Sallau, tsohuwar nan taka
in ta ja numfashi a kan hanya
ta fi wannan abin huci sau goma.
Ka taɓa ganin an yi wa guguwa fifita?
Ta gaske akwai ta, ban musa ba:
batirinta daban, ƙwaƙwalwarta daban,
kuɗinta zai sayi motarka biyu, a ba ka canji.
Wannan kuwa ta busar da gashi ce."

Na ce ɗaura.
Kunne ya ji, amma aljihu ya riga ya rantse.

Lahadi da asuba na hau doguwar gada,
ruwa dama, ruwa hagu, masunta na jan koma,
titi fayau kamar an share mini.
Na taka.
Wani kuka ya taso daga gaba, siriri,
irin na sauro da ya sami kunne,
zuciyata ta ce, ka ji dawakai!
Na saci kallon allura:
tana nan a casa'in, inda ta saba zama
tun zamanin mai motar na farko.
Wata danfo ta wuce ni, ƙofa a ɗaure da igiya,
kwandasta na rataye yana hamma.

Litinin kuwa, tsakanin Ketu da Ojota,
awa biyu muna kallon ƙeyar juna.
Yaro mai ruwan leda ya wuce ni sau uku,
a ƙafa.
A gefena wata doguwar baƙar mota,
wadda dawakanta na gaskiya ne, ɗari huɗu ko fi,
ita ma taku ɗaya, birki, taku ɗaya.
Legas ba ta tambayar abin da ke cikin bonet.

Kwana tara, inji ya yi tari, ya shaƙe.
Rasaki ya zaro ɓallin roba da filaya
daga bakin maƙogwaro,
ya ɗaga shi sama bai ce uffan ba,
shirun ya fi zagi ciwo.
Ya sauya fulogi huɗu,
ya ciro matatar iska, baƙa kamar gindin tukunya,
ya sa yaro ya ƙara wa tayu iska.
Dubu sha ɗaya.
Da na tashe ta, sai ta miƙe
kamar wadda aka cire wa ƙaya a ƙafa.

Ban yar da fankar ba.
Na ɗaure ta da waya a gefen sitiyari,
fiffike ɗaya babu, tana ɗingishi tana juyawa.
In rana ta take a Oshodi,
gumi na bin baya har cikin wando,
sai in haɗa ja da baƙa
ta huro mini a fuska.

A nan kam, Okwudili,
ban ce ka cuce ni duka ba.