Haƙora Biyu na Farko

A garejin Hamajoda, bayan babbar kasuwar Garwa,
wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo tana ɗigar da baƙin mai
kamar tulun da ya tsage a gindi.
Ɗan ƙarfen da ke jin bugun mai a cikin inji,
shi muka canja.
Bai kai babban yatsana ba.

Ni na naɗe shi da farin tef na masu gyaran famfo,
zagaye bakwai, har da gyara,
kada a ce yaron Hamajoda marowaci ne.
Na ɗaure tam. Ko ɗigo.
Aka tayar da inji,
allurar agogon mai ta yi kwanciyarta
kamar ba da ita ake ba.

Salmana direba ya dafe kai.
Albasarsa na jiran hanyar Gaundare, rana na cin ta.

Maigida bai yi faɗa ba.
Ya kwance, ya ɓare tef ɗin da farce:
"Ka toshe ɗigo, ka haɗa da magana.
Sai ƙarfe ya taɓa ƙarfe wuta ke wucewa.
Bar haƙora biyu na farko tsirara.
Zagaye biyu ya isa.
Hannu tukuna, sannan sufana,
kamar kana murɗa kunnen ɗanka."

Allura ta miƙe, ta ɗan yi rawa, ta tsaya tsakiya.

Da dare ina wanke hannu da kananzir
na tuna ƙanena Buhari a Marwa.
Wata bakwai ke nan na naɗe bakina
don kada fushi ya ɗigo.
Wayata na aljihu, hannuna duk mai.