Gammo

Sewanu ya kawo ta daga Badagiri cikin jakar atamfa,
an ɗaure bakin da igiyar takalmi.
Ya ce, "'Yar mesa ce, ba irin mai haɗiye akuya ba.
Wannan in ta tsorata, kanta take ɓoyewa."
Na leƙa. Ba kai, ba wutsiya,
curi guda, baƙi da ruwan zuma,
kamar gammon da aka sauke wa tulu.
Tun a tashar Agege na raɗa mata suna.

Ɗakinta robar ajiye kaya ce, daga Oshodi.
Na gasa ƙusa a risho, na huda murfi,
huda arba'in da ɗaya, na ƙirga.
Na shimfiɗa ɓawon kwakwa,
na kife fasasshiyar tukunya ta zama ƙuryar ɗaka,
ga kwanon ruwa mai nauyi, wanda ba ya turuwa.
Damshin Ikko da ke ruɓar min da takalma
ita gata ya zame mata.
Murfin kuwa na danne da bulo biyu,
don Iya Morenike mai gida ta rantse:
ranar da ta gan ta a tsakar gida,
ni da katifata sai bakin titi.

Kwana bakwai ban taɓa ta ba. Haka aka ce.
Na takwas na ciro ɓera daga firjin Ebuka mai lemo,
wanda ke karɓar ɗari biyu, ba ya tambayar me ke leda.
Na jiƙa a ruwan ɗumi, na riƙo wutsiya da hantsaki,
na sa shi rawa a ƙofar tukunya.
Ta zaro harshe. Ta mayar.
Mako na biyu haka. Na uku haka.
Aka ɗauke wuta kwana biyu, ɓeraye shida suka yi wari,
na zubar a kwata ina lissafin kuɗin mota.

Inna ta kira daga Malumfashi.
Dare ne, ba ta ambaci sunan ba.
"Sallau, igiyar ƙasa ka ajiye a ɗaka?
Kaji sun ƙare a duniya ne?"
Na ce, ba ta da dafi, Inna.
Ta ce, "Ita ta faɗa maka?"

Daren da ta ci, ruwa ake,
janareton maƙwabta ya yi shiru, abin da ba ya yi.
Na kife fitilar waya.
Wuf! Ban ga tafiyar ba, sai dawowa.
Ta nannaɗe mataccen kamar za ta sake kashe shi,
ta lalubo kai, ta haɗiya sannu,
muƙamuƙi na takawa, hagu, dama.
Na zauna kan tabarma, hannuna na rawa.
Sai kwana biyu na haƙuri:
mai ƙoshi ba a ɗaga ta.

Yanzu na iya. Ba daga sama ba, kamar shaho;
daga gefe, tafi a ƙarƙashin ciki,
hannu a wanke, kada ya yi ƙamshin abincinta.
Minti goma. Tana bin yatsuna kamar mai jan carbi,
sanyinta na shanye zafin danfo daga jikina.

Da idonta ya yi fari kamar an ɗiga nono
na ɗauka makanta ce.
Na yi kuka kaɗan, ban gaya wa kowa ba.
Bayan mako na tarar da saɓa a jikin tukunya,
cikakkiya, har da murfin ido.

Shekarata ta farko a garin nan
ni ma haka na yi: kai a ciki, baya a waje,
abinci a gaba, maƙogwaro a rufe,
ba kuma wanda ya jira ni mako huɗu.

Saɓar na naɗe cikin ambulan.
Direban Malumfashi zai tashi Laraba.
Ban yanke ba tukuna
ko in aika wa Inna.