Kalmasa

Ƙarfe tara na dare a Naraguta.
An ɗauke wuta, janareto na tari,
sanyin Jos ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa
ya zauna min a yatsu.
Malama Kangyang ta tafi tun la'asar,
ta bar min hoto guda a kwamfuta,
ta ce, "Ƙirga min ramukan nan kafin safe."

Tantanin ƙwayar halitta ne,
siririn maiƙo da ido bai taɓa gani ba.
Na zaci zan same shi shimfiɗe kamar tabarma.
Ashe duk ya lotsa,
ƙananan tuluna ne a jere,
kowanne da ɗan wuyansa, baki a buɗe.

Sittin da ɗaya. Sittin da biyu.

Maiƙo shi kaɗai ba ya riƙe siffa,
zuba man gyaɗa a faranti ka gani.
Sai wani furotin, kabiyolin,
ya cusa kai cikin kitsen,
ya danna, ya lanƙwasa shi ciki.
Abokin aikinsa kabin ya zagayo ta baya
ya rungume gindin tulun
yadda ragaya ke rungumar ƙwarya.
Cire ɗayansu,
babu tulu, babu wuya, sai fili.

Na san ramin da ba shi da mai riƙo.
Babana Tanimu ya shiga loto
a Sabon Gidan Kanar, ranar wata Laraba,
da tocila a goshi da buhu a kafaɗa.
Kuza ta fito a wannan makon.
Shi bai fito ba.
Katako huɗu aka ce da sun isa.

Tamanin da… nawa ma?

Da na gaya wa Inna sunan abin da nake karanta
dariya ta yi har keken ɗinkinta ya tsaya.
"Kabewa? Shekara biyar a jami'a kan kabewa?"
Na ce, Inna, in tsoka ta miƙe,
in zuciya ta buga, in jijiya ta cika,
tantanin nan ja ake yi.
Da a shimfiɗe yake, da ya yage.
Sai tulunan su buɗe, su baje,
su ba da ɗan abin da suka ɓoye,
in ja ya wuce su koma su naɗe.

Ba ta ɗago ba.
Ta lashi bakin zare, ta nemi kafar allura.
"Kalmasa ke nan," in ji ta.
"Duk rigar makarantar da na ɗinka miki
sai na naɗe yatsa uku a ƙasa.
Ke kina ganin rigar ta bi ki tana girma.
Ni ce nake farkewa da dare."

Janareto ya yi shiru.
Saura hasken batir da tulunan nan masu toka-toka,
dubbai a cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba,
kowanne riƙe da rararsa
saboda ranar da za a ja.

Na kai hannu gefen farar rigata.
Yatsa uku.
Har wannan ma ta naɗe.

Lissafi ya ɓace min.
Na hura iska a tafin hannu,
na koma kusurwar hagu.

Ɗaya.