Sabulun Ratri

A Yogyakarta, a lungun bayan jami'a,
ɗakinmu na haya taku huɗu ne da rabi.
Rabin nawa ne. Huɗun na jarkokin Ratri,
cike da tsohon mai, baƙi wuluk,
wanda take bi tana roƙo wurin masu suyar ayaba
bayan isha'i, in sun kashe wuta.

Ajinmu ɗaya, muna karatun sinadarai.
Ni ina haddar abin da malam ya rubuta,
ita tana tace mai da tsohon kallabi,
ta zuba gawayi, ta ba shi kwana uku,
ta haɗa da soda, idonta yana ruwa.
Taga a buɗe. Dutsen Merapi yana nasa hayaƙin,
mu ma muna namu.

Na ce, Ratri, me ya yi zafi?
Shekara ɗaya ta rage ki riƙe kwali.

Ta ce, kin san yayana Galih?
Nasa kwalin yana cikin leda a ƙarƙashin katifa
don kada damina ta lashe tawadar.
Wasiƙar neman aiki arba'in da bakwai ya aika,
ni nake sayo masa ambulan, na ƙirga.
Yanzu haya yake da babur.
Ran da ya ɗauko tsohon malaminsa
bai ɗaga gilashin hular kwano ba har suka rabu.

Daga nan ta ja baki, ta ci gaba da juya tukunya.

Ba kowa ne yunwa ta koro ba, na sani.
Tirta mai mota ya buɗe shagon kofi
don ubansa ya daina ce masa
har takalmin ƙafarka nawa ne.
Wening tana ɗinka jaka da tsofaffin kyallayen talla,
wai hannunta ƙaiƙayi yake in ya zauna.
Wani kuma gani ya yi ana yi.
Wata uku, ya sa kwaɗo.

Zubin farko ya ƙi daskarewa.
Na biyu ya ci mata yatsa, tabon yana nan.
Na uku, mai ɓawon lemo,
matar da ke wanke-wanke a kantin jami'a ta sayi biyu,
kwana biyu ta dawo ta ce goma.

Daren nan Ratri ta baje kuɗin a kan littafina,
takardu masu warin kifi da gumi.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ko hayar mako ba su kai ba.
Duk da haka ta kira gida, can Gunungkidul,
ta ce, Mama, a dakata da sayar da akuyar.

Gobe muna da jarrabawa.
Na buɗe shafi, yatsuna suna ƙamshin lemo,
ban san yaushe na fara naɗe mata sabulu ba.
A ƙofa Galih yana danna oda,
kwalaye biyu ɗaure a bayan babur,
gilashin hularsa a ɗage,
yana tambayar wace unguwa zai fara.