Rigar Glenda Rautio

Shekara talatin da huɗu ke nan da ta turo ƙofar shagona,
dusar ƙanƙara a gashinta, kwali a hammata.
Ta ce, "Kai ne telan? Sun ba ni kayan aiki,
amma na ƙato ne, ni biyu ma sai mu shige."
Na auna ta, bakina cike da allurai.
Na rage hannun riga yatsa uku, na tsuke ƙugu.
Aljihun ƙirji ta ce in bar shi da zurfinsa,
nan za ta riƙa zuba alewa
don yaran da ake tararwa a ƙarƙashin gado
in an je rabon faɗa da tsakar dare.

Garinmu a lokacin warin tama yake da ɗanyen kifi.
Jirage na kwana a bakin tafkin Superior,
leburorin tasha na shanye albashi kafin Litinin.
Caji ofis ɗin ba shi da banɗakin mata,
sai ta tsallaka titi zuwa gidan man Dwight,
cikin sanyin da ke tsaga leɓe.
Suka sa mata suna Sakatariya.
Suka zuba mata gishiri a kofi, ta shanye tana kallonsu.

Ni ba a ofis na karanta tarihinta ba, a jikin yadi na karanta.
Igiya biyu na ɗinka, na warware, na ɗinka uku.
Ga tsagar wuƙa a damtse, daga mashayar Kettle.
Ga gwiwar wando da ta goge
ranar da ta ja ciki a kan daskararren tafki
ta fizgo ɗan gidan Lindgren ɗaya.
Su biyu ne suka faɗa.
Ta kawo wandon, ta zauna a bencina awa guda,
ba ta ce komai ba, ni ma keke kawai na taka.

Da aninai suka hau kafaɗarta, gari ya yi biki kwana ɗaya.
Wata na biyar ta kori Saje Brandvold,
wanda ya karya wa yaron Ojibwe haƙarƙari a ɗakin tsaro.
Rabin coci ya daina gaishe ta.
Aka farke mata tayoyi huɗu, ta zo aiki a ƙasa.
Ba waliyyiya ba ce. Ta taɓa tsare wanda bai ji ba bai gani ba,
kwana tara, har aikinsa ya tafi.
'Yarta ta gama makaranta tana can bakin wata gawa.

Juma'ar da ta wuce aka sallame ta a zauren 'yan kwana-kwana.
Kek, tafi, allon yabo da aka ɓata rubutun sunanta.
Mata bakwai cikin inifom suka ƙame mata.
Kayansu daga kamfani suke zuwa, daidai jikinsu,
ko sunana ba su sani ba. Madalla.

Jiya ta dawo da rigar farko, ta koɗe kamar toka.
Ta ce, "Cire tambarin, ka buɗa min ita, kamun kifi zan je."
Na sa reza a ɗinkin, yadin ya warware daga ciki,
domin tun ran farko ban yanke komai ba.
Ninkewa na yi na ɓoye,
ina cewa wata ɗaya za ta yi ta gudu,
riga ta koma hannun mai ita.

Na faɗa mata, kaina a sunkuye.
Ta yi dariya har da tari.
Ta ce, "Na sani, Anselm. Kullum tudun yana gugar haƙarƙarina."
Ta laluba aljihun nan mai zurfi,
ta ajiye min alewa ɗaya a kan keke,
ta fita, ta bar ƙofar a buɗe, iskar tafki na shigowa.