Ɗaki Mai Lamba Sha Bakwai

Daga Kachia na taho da Baba ran Laraba
don a cire masa yanar ido.
Layi ya yi tsawo, aka ce mu dawo da safe.
Ga magariba ta kawo jiki,
ga allurar sugansa cikin jakata tana neman sanyi.

Muka kama ɗaki a wani otal, can wajen Mando,
inda fanka ke kuka kamar ana bin ta bashi.
Ƙarƙashin talabijin ga wani ɗan firji ya durƙusa,
tsawonsa bai kai turmi ba,
yana gurnani ƙasa-ƙasa.

Na buɗe, haske ya zubo kan ƙafata.
Lemon gwangwani, ruwan gora, cakulan,
da gyaɗa cikin wata 'yar kwalba
an ɗaura mata jan zare a wuya kamar ragon suna.
Babu masaka tsinke.
Na fitar da gwangwani biyu, na jera su kan tebur,
na sa allurar Baba a gurbinsu.
Iyakar laifina ke nan.

Cikin dare na ji ƙurus, ƙurus.
Baba ne ya lalubo kwalbar.
Ya ce, "Yaro, mutanen nan sun san girma.
Baƙonka annabinka.
Ashe har yanzu ana ajiye wa baƙo abin taɓawa."
Na gyara kwanciya.
Ni ma haka na zata.

Da safe Rifkatu, mai karɓar baƙi,
ta turo mini takarda da ɗan yatsa guda.
Gwangwani biyu, dubu huɗu.
Na ce suna nan kan tebur, ko bakinsu ban fasa ba.
Ta ce, "Abin da ya bar mazauninsa, an saya."
Amfani da firji, dubu uku.
Na ce ashe sanyi ma haya ake ba da shi,
sanyin da ya gudu har sau uku kafin asuba,
duk sanda aka ɗauke wuta?
Gyaɗa, dubu uku da ɗari biyar.

Baba ya matso da kunnensa mai ji.
"Nawa ta ce?"
Na maimaita.
Mutumin da ya shekara arba'in yana duƙe a gonar gyaɗa,
yana roƙon dillali ya ƙara ko naira goma a mudu,
ya dafa sandarsa, ya yi dariya har da tari.
"Ƙwaya talatin da shida ce, na ƙirga da harshena.
Ashe ni attajiri ne, ba wanda ya sanar da ni!
Rumbuna biyu sa sayi gidan nan
har da mai gadin ƙofa."

Rifkatu ba ta yi dariya ba.
Ta saci kallon kyamarar da ke saman kanta,
ta rage murya:
"Ba ni na sa farashi ba, Baba.
In kwalba ta yi ƙafa, a albashina ake nemo ta."
Sannan ta aiki yaro ya maido gwangwanayen gurbinsu,
ta ja layi a kansu da biro, a hankali,
kamar mai tsallake maciji.

Muka biya kuɗin gyaɗa, muka biya kuɗin sanyi,
kuɗin motar komawa ya rame.
Baba ya koma ɗaki da lalube,
ya fito da kwalbar, wayam.
"Wannan kam mun saya."

Ran Juma'a aka kwance masa bandeji.
Na sa fuskata gabansa, ina jira ya fara da ni.
Ya ce, "Kai na san ka.
Miƙo mini takardar nan,
in ga kuɗin gyaɗa da idona."